Masu Bin Diddigin Kujera: Tarihin Cibiyoyin Nazarin Shugabancin Amurka

Ranar 16 ga Yuli, 1973, wani tsohon hadimin Fadar White House mai suna Alexander Butterfield ya zauna gaban kwamitin Majalisar Dattawan Amurka da ke binciken badaƙalar Watergate. Aka tambaye shi ko ya san da wata na'urar naɗar magana a ofishin shugaban ƙasa, ya ce e, akwai. Kafin gari ya waye duk ƙasar ta ɗauka, domin ashe tun watan Fabrairun 1971 kusan duk maganar da Shugaba Richard Nikson ya yi a ofishinsa, ko a wayar da ke kan teburinsa, tana nan a kaset. Shekara guda bayan haka Kotun Ƙoli ta tilasta masa ya miƙa kaset ɗin da masu bincike suka nema, aka ji da kunne yadda shugaban ƙasa ya shirya a rufe laifi, kuma ranar 9 ga Agusta, 1974, ya sauka daga mulki.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai labarin siyasa ne, ina ruwan jami'a da shi? To, ruwanta ya yi tsaki, domin a cikin ƙurar wannan abin kunya ne wani fannin ilimi ya tashi tsaye, wato nazarin kujerar shugaban ƙasa ita kanta: yadda ake yanke hukunci a kanta, da waɗanda ke kewaye da ita, da abin da take yi wa mutumin da ya hau ta. Daga baya jami'o'i suka gina wa fannin cibiyoyi na musamman. Tarihinsu ya cancanci a bi shi, saboda a ƙarƙashinsa akwai tambayar da ta shafi kowace ƙasa mai zaɓaɓɓen shugaba: idan mulki ya ƙare, labarinsa na wane ne, na wanda ya yi mulkin ko na waɗanda aka mulka?

Lokacin da takardun shugaba suke kayan gado

Tun daga kan Joj Washinton, wanda ya bar mulki a 1797, al'adar ita ce shugaba ya tattara takardunsa ya tafi da su gida kamar yadda zai tafi da kayan sawarsa. Na Washinton sun faɗa hannun ɗan ɗan'uwansa, Bushrod Washinton, inda damshi da ɓeraye suka ci rabonsu, masu neman abin tunawa kuma suka riƙa samun kyautar shafi ɗaya ko biyu. Da Jared Sparks ya tashi buga su a matsayin littafi, sai ya riƙa gyara wa marigayin Turanci, yana goge kalmomin da yake ganin ba su dace da uban ƙasa ba. Sai a 1834 gwamnati ta fara sayen abin da ya saura daga hannun magada.

Wasu ma ba su yi wannan sa'ar ba. Chester Arthur ya sa an ƙone yawancin takardunsa gab da mutuwarsa a 1886. Matar Warren Harding ta ƙone wani kaso na takardun mijinta bayan ya mutu a 1923. Ɗan Abraham Linkon kuwa ya ba Laburaren Majalisa takardun mahaifinsa bisa sharaɗin kada a buɗe su sai shi kansa ya shekara 21 da mutuwa, saboda haka sai a 1947 masana suka sa su a ido, shekara 82 bayan an kashe Linkon. Duk wanda ya rubuta tarihin shugabannin wancan zamani, da abin da iyalansu suka ga dama ya yi aiki.

Franklin Rusabelt ne ya karya wannan al'ada. Ya gina wa takardunsa gida a garinsu, Hyde Park, da kuɗin da masoya suka tara, ya damƙa wa gwamnati, aka buɗe a 1941. A 1955 Majalisa ta mai da tsarin doka: masoya su gina, Hukumar Adana Takardun Ƙasa ta kula. Sai dai har a lokacin takardun mallakar shugaba ne, in ya so ya bayar, in ya so ya hana. Nikson ne ya kai abin bango, domin wata guda da saukarsa ya ƙulla yarjejeniyar da za ta ba shi damar lalata kaset ɗinsa nan gaba. Majalisa ta yi wuf a Disambar 1974 ta yi dokar ƙwace su, sannan a 1978 ta yi wata dokar da ta ce daga 20 ga Janairu, 1981, takardun aikin shugaban ƙasa dukiyar al'umma ne. Jama'a na iya neman gani bayan shekara 5, wasu kuma shugaba na iya kulle su har shekara 12. Nikson bai haƙura ba, ya yi ta shari'a har ya mutu a 1994, kuma a shekarar 2000 gwamnati ta biya magadansa dala miliyan 18.

Kujerar ta girma, malamai suka biyo ta

Shugabannin farko ba su da wani ofishi na a zo a gani. Sai a 1857 Majalisa ta fara ware kuɗin albashin sakatare guda ga shugaban ƙasa, kafin nan daga aljihunsa yake biya, sau da yawa ma ɗansa ko wani ɗan'uwa yake ɗauka. Karayar tattalin arziki ta 1929 da Yaƙin Duniya na Biyu su ne suka sauya komai. A 1937 kwamitin Louis Brownlow ya ba da rahoton cewa aikin ya fi ƙarfin mutum guda, a 1939 aka kafa Ofishin Zartarwa na Shugaban Ƙasa, wanda ya yi ta kumbura har ma'aikatansa suka haura dubu. Daga 1945 kuma makamin nukiliya ya shigo hannun mutum guda.

Malaman jami'a suka fara waiwayar kujerar ɗaya bayan ɗaya. Edward Corwin na Jami'ar Princeton ya fitar da littafi a 1940 a kan ikon da tsarin mulki ya ba shugaba. A 1960 Richard Neustadt, wanda ya yi aiki a fadar Shugaba Turuman, ya fitar da Presidential Power, inda ya nuna cewa ba da umarni kaɗai ba ya sa aiki ya tafi, shugaba sai ya iya lallashi da ciniki kafin ministocinsa ma su yi abin da yake so. Mafi yawan rubutun wancan zamani yabon shugaba mai ƙarfi yake yi. Yaƙin Biyetnam da Watergate suka zo suka watsa wa wannan yabo ƙasa a ido, har Arthur Schlesinger ƙarami, wanda da kansa ya yi wa Kenedi hidima, ya rubuta The Imperial Presidency a 1973, yana kukan cewa shugaba ya zama sarki mai cikakken iko a harkar yaƙi. Binciken jin ra'ayin jama'a ya nuna cewa a 1964 kimanin kashi 77 cikin ɗari na Amurkawa sun yarda gwamnatinsu na yin daidai a mafi yawan lokaci, amma zuwa 1974 sun dawo kashi 36.

Fannin yana da wata matsala tasa ta daban. Mai nazarin zaɓe yana da miliyoyin masu jefa ƙuri'a, mai nazarin Majalisa yana da ɗaruruwan wakilai, shi kuwa mai nazarin shugabanci daga 1789 zuwa 2025 mutum 45 kacal gare shi, kuma yawancin abin da suke yi a bayan ƙofa suke yi. Malami guda ba zai iya tara hujjar da ake buƙata ba. Ana buƙatar gida mai kuɗi, mai ma'aikata, mai haƙurin aikin shekaru.

Cibiyar Miller da 'yan'uwanta

Wani lauya attajiri daga garin Chattanooga a jihar Tenesi, Burkett Miller, wanda ya gama karatun shari'a a Jami'ar Bajiniya a 1914, shi ne ya sa dukiyarsa aka kafa irin wannan gida a tsohuwar makarantarsa a 1975, don tunawa da mahaifinsa. Gabar jam'iyyu ta dame shi, yana son a sami wurin da malami da ɗan siyasa da ɗan jarida za su zauna su tattauna ba tare da tutar jam'iyya ba. Wurin ma ya dace, domin Thomas Jefason, shugaba na uku, shi ya kafa jami'ar a garin Charlottesville a 1819. Kenneth Thompson ya riƙe cibiyar shekara 20, daga 1978 zuwa 1998, kuma a hannunsa ta mai da kujerar shugaban ƙasa babban abin nazarinta.

Wasu jami'o'in suka bi sahu, kowace da inda ta sa gaba. James Thurber ya kafa cibiyar nazarin Majalisa da shugabanci a Jami'ar American da ke Washinton a 1979. Jami'ar Hofstra ta fara shirya manyan tarurruka a 1982, inda ake haɗa masana da tsofaffin jami'an gwamnatin shugaba guda su yi kwanaki suna tankaɗe da rairaya. A 1999 John Woolley da Gerhard Peters na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka fara zuba jawabai da umarnin shugabanni da hirarrakinsu da 'yan jarida a intanet, taskar da ta haura takarda dubu ɗari, kuma kyauta take ga kowa. Jami'ar Southern Methodist da ke Dalas ta buɗe tata cibiyar tarihin shugabanci a 2012.

Abin da kaset ya tona

Nikson ba shi ne farau ba. Shugabanni shida, daga Rusabelt a 1940 har zuwa Nikson a 1973, sun naɗi maganar baƙinsu a ɓoye, jimilla kusan awa 5,000. Na Kenedi ya kai kimanin awa 260, na Lindon Jonson kimanin 800, na Nikson ya haura 3,000, domin tasa na'urar da jin murya take tashi da kanta. A 1998, ƙarƙashin sabon darakta Philip Zelikow, Cibiyar Miller ta ɗauki aikin sauraren waɗannan kaset da rubuta abin da ke ciki tare da bayanin wane ne ke magana da kuma a kan me. Aiki ne mai cin rai. Makirfon yana ɓoye a tebur ko a bango, ƙarar kofin shayi ta fi muryar minista fitowa, mutum uku na magana a lokaci guda, minti ɗaya na iya cinye wa mai saurare awa guda ko fiye.

Amma ladan wahalar ya fito. A rikicin makamai masu linzami na Kyuba, a Oktoban 1962, labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne Kenedi ya tsaya ƙyam har Tarayyar Sobiyet ta ja da baya. Kaset ya nuna cewa a ranar 27 ga Oktoba shugaban ne ke ta nanata wa mashawartansa, yawancinsu ba su so, cewa a yi musaya: Amurka ta kwashe makamanta daga Turkiyya, Sobiyet ta kwashe nata daga Kyuba. Hakan aka yi a asirce, aka ɓoye wa jama'a fiye da shekara 25. An kuma ji hafsan sojan sama, Curtis LeMay, yana matsa wa shugaban lamba a kai hari, kuma an gano cewa ƙanensa Robert Kenedi ya fi zafi a zauren fiye da yadda ya nuna kansa a littafin da ya bari. Shugabannin da suka biyo baya sun ɗauki darasin cewa taurin kai ne ya ceci duniya, alhali ciniki ne.

Na Jonson ya fi ban tausayi. Ranar 27 ga Mayu, 1964, ya gaya wa mai ba shi shawara kan tsaro, McGeorge Bundy, ta waya cewa bai ga abin da ya cancanci a yi yaƙi dominsa a Biyetnam ba, kuma bai ga hanyar fita ba. Shekara huɗu bayan wannan waya sojan Amurka fiye da dubu 500 ne a can, kuma kafin a gama fiye da dubu 58 daga cikinsu sun mutu, ban da miliyoyin mutanen yankin. Jonson ya so a kulle kaset ɗinsa shekara 50 bayan mutuwarsa, amma shugaban laburarensa, Harry Middleton, da yardar matar marigayin, ya fara sakin su a 1993.

Mu 'yan Afirka ma an taɓo mu a ciki. A Oktoban 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kaɗa ƙuri'ar ba gwamnatin Beijin kujerar Sin, wakilan Tanzaniya suka yi murna a zauren. Washegari Ronal Rigan, yana gwamnan Kalifoniya, ya bugo wa Nikson waya ya kira wakilan Afirka birai, Nikson ya yi dariya. An yanke wannan wuri lokacin da aka fara sakin kaset ɗin a 2000, sai a 2019 aka saki cikakke bayan masanin tarihi Timothy Naftali, wanda shi ya fara jagorantar aikin kaset a Cibiyar Miller, ya nemi a sake dubawa. Magana zarar bunu, ta fita shekara 48 kafin masu ita su ji.

Ba a ce aikin ba shi da tuntuɓe ba. A shekarar 2000 Sheldon Stern, tsohon masanin tarihin Laburaren Kenedi, ya nuna kurakurai da dama a rubutun kaset ɗin Kyuba da Zelikow da Ernest May suka buga a 1997, wasu har sun juya ma'anar magana. Aka koma aka gyara a bugun 2001. Darasin da aka koya shi ne kaset ɗin ne hujja, rubutun fahimtar mai saurare ce, shi ya sa cibiyar ke ajiye murya kusa da rubutu domin kowa ya ji da kunnensa.

Tarihin baka

Bayan abin da ya sami Nikson, shugabanni suka daina naɗar tarurrukansu, hadimai kuma suka koyi rage rubuta abin da kotu ko Majalisa za ta iya nema. Dokar da aka yi don adana hujja sai ta sa hujjar ta ragu. Maganin da James Sterling Young na Cibiyar Miller ya kawo a 1981 shi ne abin da Bahaushe ya daɗe da sani, wato a je a tambayi waɗanda aka yi abin a gabansu. Ya fara da mutanen Jimi Kata watanni kaɗan bayan sun bar fada, Kata da kansa ya zauna da su a 1982. Tsarin shi ne masana uku ko huɗu su yi kwana ɗaya ko biyu da mutum guda a bayan ƙofa, a rubuta hirar a ba shi ya duba, ba za a saki ba sai da izininsa. Haka aka yi wa gwamnatocin Rigan, da Bush uba, da Kilinton, da Bush ɗa. Na Obama kuwa Jami'ar Kolombiya aka ba aikin a 2019.

Tarihin baka yana da lam'a. Mutum na mantuwa, yana gyara wa kansa zama, yana rama tsohuwar gaba. Shi ya sa ake jin bakin mutum da yawa a kan magana guda, sannan a gwada da takarda. Abin da yake bayarwa wanda takarda ba ta da shi shi ne yanayin ɗakin: wa aka hana shiga, wa ya yi shiru don tsoro, wane labari ne bai taɓa isa kunnen shugaba ba. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Waɗannan hirarraki sun gaskata rabin maganar, domin sun nuna ƙarfin mai tsaron ƙofa, amma sun kuma nuna cewa sarkin ne ke zaɓen bafadensa.

Haɗarin zama kusa da fada

Cibiyar da ke son manyan jami'ai su buɗe mata ciki dole ta yi hulɗa da su, wanda kuwa ya ci ladan kuturu an san abin da ke jiransa. Jami'o'i sun sha faɗa a kan wannan. A 1981 majalisar malaman Jami'ar Duke, inda Nikson ya yi karatun lauya, ta ƙi amincewa da gina laburarensa da ratar ƙuri'a ɗaya tak. A 1987 shirin gina na Rigan a Jami'ar Stanford ya wargaje bayan doguwar taƙaddama. Malaman Southern Methodist da dama sun yi adawa da cibiyar manufofi da aka haɗa da laburaren Bush ɗa, saboda ba ta ƙarƙashin ikon jami'ar, amma aka buɗe a 2013. Tsoronsu ɗaya ne, kada makaranta ta koma gidan roƙo da kirari.

Ita ma Cibiyar Miller ba ta tsira ba. Da aka naɗa Zelikow babban daraktan hukumar binciken harin 11 ga Satumba, 2001, wasu iyalan waɗanda suka mutu sun nemi ya sauka, domin ya taɓa rubuta littafi tare da Condoleezza Rice, wadda ofishinta na cikin waɗanda ake bincika. A 2018 cibiyar ta ɗauki Marc Short, hadimin Shugaba Turamp, kusan shekara guda bayan gangamin masu fifita farar fata da aka kashe wata mata a cikinsa a garin na Charlottesville. Manyan masana tarihi biyu, William Hitchcock da Melvyn Leffler, suka ajiye muƙamansu a cibiyar. Shugabanta, William Antholis, ya kare kansa da cewa ba za a fahimci gwamnati ba tare da jin na cikinta ba. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, kuma wannan ja-in-ja ba ta ƙarewa. Ita ma dokar takardu ba a daina gwada ƙarfinta ba: Bush ɗa ya taƙaita ta da umarni a 2001, Obama ya soke umarnin a 2009, a 2022 kuma jami'an tsaro suka kwaso takardun gwamnati daga gidan Turamp a Fulorida, kafin a sami wasu a wajen Baidin da Mike Pence.

Abin da ya shafe mu

A 1975, shekarar da aka kafa Cibiyar Miller, Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin Rotimi Williams, wanda aikinsa ya kai Nijeriya ga tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka a 1979. Mun aro kujerar, har da cututtukanta. Amurka ta ga yadda aka ɓoye shanyewar jikin Woodrow Wilson a 1919, ta yi wa tsarin mulki gyara na 25 a 1967, sannan a 1988 wani kwamitin Cibiyar Miller ya ba da shawarar kowane sabon shugaba ya zauna da mataimakinsa da likitansa su tsara abin da za a yi tun yana da lafiya. Mu kuma sai da Shugaba Umaru 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a Nuwamban 2009 ba tare da miƙa mulki ba, ƙasa ta yi kwana 78 a cikin ruɗani, kafin Majalisa ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashi ranar 9 ga Fabrairu, 2010, aka gyara sashe na 145 daga baya.

Harsashin irin wannan aiki akwai shi. Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Gidan Mambayya na Malam Aminu Kano yana ƙarƙashin Jami'ar Bayero, Obasanjo kuma ya buɗe laburarensa a Abeokuta a 2017, ko da yake tara kuɗinsa a 2005, yana kan mulki, ya jawo suka har Gani Fawehinmi ya kai ƙara kotu. Sai dai adana tarihin gwarzo daban, bin diddigin kujera daban. Daga cikin zaɓaɓɓun shugabanni shida da aka rantsar tun 1979, uku sun riga mu gidan gaskiya: 'Yar'aduwa a 2010, Shagari a 2018, Buhari a 2025. Ministocinsu da sakatarorinsu da dogaransu suna bin su ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ya gani a cikinsa. Aikin da Young ya fara a 1981 bai buƙaci wani dogon gini ba, rakoda ce da masana masu shiri da alkawarin riƙe amana. Jami'ar da ta fara aika malamanta su zauna da waɗannan dattawa tun suna iya magana, ita ce jikokinmu za su dogara da ita ranar da suka tambayi yadda aka mulki kakanninsu.